Harshen Talla a Bakin Na'ura: Nazari a kan Tallan Kifi da Albasa a Ƙasar Yawuri

1.0 Gabatarwa

Tun da aka fara nazarin adabin baka na Hausa a jami'o'in ƙasar nan, manazarta sun fi mai da hankali ga waƙa da tatsuniya da karin magana da kirari. Talla kuwa, duk da cewa kullum yana cikin kunnen jama'a, bai sami rabon da ya kai nasu ba, wataƙila don ana ɗaukarsa maganar kasuwa wadda ke watsewa da zarar kasuwa ta tashi. To amma yanzu wani al'amari ya taso wanda ya wajabta a waiwaye shi. A ƙarshen watan Nuwamba na 2022 kamfanin OpenAI na Amurka ya fitar da ChatGPT, watau na'urar da ake yi wa tambaya a rubuce ta ba da amsa a rubuce. A 2024 kuma kamfanin Meta ya sanya irin tasa na'urar a cikin WhatsApp ga mutanen Nijeriya. Ke nan duk mai wayar zamani yana iya umurtar wannan fasaha, wadda ake kira ƙirƙirarriyar basira, ta tsara masa tallan hajarsa cikin Hausa kafin ƙiftawar ido.

Manufar wannan maƙala ita ce a feɗe irin tallan da na'urar ke fitarwa, a auna shi da tallan da Bahaushe ya gada. An zaɓi ƙasar Yawuri ne domin hajarta, watau kifi da albasa, haja ce mai lalacewa, wadda darajarta ke sauyawa daga mako zuwa mako, saboda haka kuskuren kalma ɗaya a cikin tallanta yana iya zama asarar kuɗi. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, talla a Hausa magana ce da ke da mai ita, tana da wuri da lokaci, kuma waɗannan su ne abubuwan da ke zubewa idan aka bar wa na'ura aikin ita kaɗai.

2.0 Ƙasar Yawuri da Kasuwancinta

Masarautar Yawuri, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga a Jihar Kebbi, tana bakin Kogin Kwara ne, kuma tun kafin zuwan Turawa take kan hanyar fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, wanda shi kansa mutumin Ngaski ne, ya nuna a cikin ayyukansa na tarihi yadda fatauci ya baza Hausawa da harshensu a Afirka ta Yamma. A Yawuri Hausa ita ce harshen kasuwa, amma ba ita kaɗai ce harshen gida ba. Akwai Gungawa masu harshen Reshe, da Kambari, da Shangawa, da Lopawa, ga kuma Sarkawa masunta waɗanda suka gangaro daga ƙasar Kabi. Duk wanda ya tsaya a kasuwar Yelwa ko ta Wara zai ji Hausa iri-iri, har da Kabanci da Sakkwatanci a bakin baƙin 'yan kasuwa.

Madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964 aka gama a 1968, ta sauya fasalin ƙasar baki ɗaya. Tafkin da ta haifar, mai tsawon kimanin kilomita 130, ya haɗiye gungu da ƙauyuka masu yawa, aka tayar da mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Gungawa, waɗanda aka sani da noman albasa a tsibiran kogin, suka koma tudu da bakin tafki. Su kuma masunta suka sami sabon fage, har aka kafa cibiyar binciken kifi a Sabuwar Busa. Ruwan tafkin yana da cika biyu a shekara: farin ruwa na damina wanda ke zuwa wajen Agusta da Satumba, da baƙin ruwa wanda ke tasowa daga tuddan Gini ya iso cikin hunturu. Tsakanin cika da janyewa ne ake sanin kifin da zai samu, da fadamar da za a shuka. Daga nan kifin banda da buhunan albasa ke tafiya Ikko da Badun da Anacha, kuma a yau mafi yawan maganar da ke tsakanin mai kaya da mai saye ta waya ake yin ta.

3.0 Talla a Gargajiyance

Kafin a duba aikin na'ura, ya kamata a tuna da siffofin tallan gargajiya. Ana iya kasa shi gida uku. Na farko shi ne kiran 'yan talla, wanda gajere ne, yana ambaton sunan abin sayarwa, ana jan muryarsa da wani kari da ke sa a gane mai shi tun daga cikin gida. Na biyu shi ne kirarin haja, irin na masu magani da mahauta da 'yan koli, inda ake zuzuta kaya da kambamawa da barkwanci don a tara jama'a. Na uku shi ne bayanin dillali, wanda ba shi da amo ko ado, sai dai sunan kaya da yawansu da asalinsu da aibinsu, domin dillali yana cin la'ada ne a kan amincin da ɓangarori biyu suka ba shi.

Abubuwa biyu sun haɗa waɗannan rukunoni. Da farko, a kowanensu mai magana yana tsaye a gaban mai sauraro, an san fuskarsa, galibi ma an san gidansu. In kaya suka saɓa wa magana, an san inda za a same shi ranar kasuwa mai zuwa. Na biyu, talla buɗe ƙofar ciniki yake yi kawai. Bayansa akwai tayi, da albarka, da ragi, da sallamawa, da gyara, kuma a cikin wannan ja-in-ja ne mai saye ke taɓa kaya, ya sansana, ya karya kifi ya ga cikinsa. Saboda haka kambamawar mai kirari ba ta cutar da kowa, don kuwa kowa ya san wasa ce, kuma gani zai kori ji kafin kuɗi su fita daga aljihu.

4.0 Inda Na'ura ke Samun Hausarta

Na'urar nan ba ta taɓa zuwa kasuwa ba. Yadda take aiki shi ne, an ɗura mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, ta koyi wace kalma ce ta fi bin wace, sa'an nan in an tambaye ta sai ta jero kalmomi bisa wannan ƙiyasi. Mafi rinjayen abin da aka ɗura mata Turanci ne. Ɗan abin da ta samu na Hausa kuwa ya fito ne daga inda aka fi rubuta Hausa a intanet: labaran gidajen rediyon ƙetare irin su BBC, wadda ta buɗe sashen Hausa a 1957, da Muryar Jamus da Muryar Amurka, sai jaridu, da fassarar littattafan addini, da shafukan sada zumunta. Wannan Hausa daidaitacciya ce, ta ginu a kan karin Kano, kuma kaso mai yawa nata fassara ce tun asali.

Abin da ya biyo baya a fili yake. Na'urar ta ƙware da Hausar sanarwa da rahoto, amma Hausar bakin ruwa, wadda ke cikin bakin masunta da mata masu banda, kusan ba a rubuta ta ba, balle Reshe ko Shanganci. Haka kuma siffar tallan da ta sani ita ce ta Turawa, wadda aka gina don a yi magana da dubban mutanen da ba a sani ba. In aka ce ta yi talla da Hausa, sai ta ɗauko wancan ƙwarangwal ta sa masa rigar Hausa. Ana ta ƙoƙarin gyara wannan giɓi, musamman ƙungiyar Masakhane ta masana harsunan Afirka da masu binciken Hausa a Jami'ar Bayero, amma tattara maganar baka aiki ne mai cin lokaci.

5.0 Feɗe Misalai

Don a sami abin kamawa, an tsara misalai biyu. Na farko yana wakiltar zubin da na'ura ta saba fitarwa in an ce ta tallata kifin Yawuri ba tare da an yi mata dogon bayani ba. Na biyu yana wakiltar irin saƙon muryar da dillali kan aika wa abokin cinikinsa na kudu.

(a) Barka da zuwa duniyar ɗanɗano! Muna alfaharin gabatar muku da sabon kifi mai inganci, kai tsaye daga tafkin Kainji zuwa teburinku. Kifinmu yana cike da sinadarai masu gina jiki, babu wani magani a jikinsa, kuma ya dace da kowane irin biki. Kada ku rasa wannan dama ta musamman. Ku yi oda yanzu, ku ɗanɗana bambancin!

(b) Salamu alaikum Alhaji. Kaya sun sauka jiya da la'asar. Akwai tarwaɗa ta banda kwali shida, manya, kwana uku da fitowa daga wuta. Kurungu ya yi ƙaranci, ruwa ya cika. Kwali ɗaya akwai 'yan karyayyu, na ware shi. In kana so ka yi magana kafin motar Anacha ta tashi.

5.1 Zaɓen Kalmomi

Ta fuskar nahawu ba a iya kama misali (a) da laifi. Jinsi ya daidaita, lokuta sun zauna. Matsalarsa tana wajen zaɓen kalmomi. Ya ce "kifi", alhali a bakin tafki ba a sayar da kifi haka kawai. Ana sayar da tarwaɗa ne, ko ƙarfasa, ko kurungu, ko ramboshi, ko giwan ruwa, ko 'yan ƙananan nan da ake kira warangi, kuma kowane da kuɗinsa da masu sonsa. Sa'an nan ya ce "sabon kifi". A wajen albasa kalmar "sabuwa" tana da aiki, don tana bambanta wadda aka cire yanzu da ta ajiya, wadda ta sha iska ta rage nauyi. A wajen kifi kuwa rabon da 'yan kasuwa suka sani shi ne ɗanye, da kyafaffe ko na banda, da busasshe wanda aka shanya a rana. Mai saye a Badun da ya karanta "sabon kifi" bai san ko ƙanƙara zai tanada ko kwali ba. Kalmomin "inganci" da "ta musamman" da "sinadarai" kuwa na Hausar sanarwa ne, ana iya ɗora su a kan sabulu ko siminti ba tare da an sauya komai ba. Misali (b) ba shi da siffa ko ɗaya ta yabo in ban da "manya", wadda ita ma awo ce.

5.2 Salo da Wanda ake Magana da Shi

"Duniyar ɗanɗano" da "ɗanɗana bambancin" ba su da tushe a cikin adon maganar Hausa. An kwaso su ne daga tallan Turanci kalma bayan kalma. Haka nan "zuwa teburinku", domin a gidajen da ake cin wannan kifi akushi da kwano da tabarma aka sani. Wani abin lura shi ne wakilin suna. Misali (a) yana cewa "muna", ba tare da an san su wane ne ba, yana kuma magana da "ku" wanda bai tsaya a kan kowa ba. Babu sallama, sai "barka da zuwa" ga wanda bai zo ko'ina ba. Ƙarshensa umurni ne tsagwaro, irin wanda Bahaushe ba ya yi wa wanda yake neman kuɗinsa. Misali (b) ya fara da sallama da laƙabin girmamawa, ya ƙare da "in kana so", watau ya bar wa mai saye mutuncinsa, duk da cewa shi ma ya nuna akwai gaggawa. Bambancin shi ne gaggawar (b) tana da dalili, motar da za ta tashi.

5.3 Wuri da Lokaci

Misali (a) ana iya aika shi a kowane wata na shekara. Wannan a idon mai tsara tallan zamani falala ce, amma a wannan sana'a aibi ne. Darajar kifin banda tana rataye da kwanakin da ya yi bayan fitowa daga wuta, kamar yadda kuɗin buhun albasa kan faɗi lokacin girbi a ƙarshen rani, ya kuma ninka sa'ad da ta ajiya ta kusa ƙarewa. Jimlar "ruwa ya cika" a misali (b) kalmomi uku ce, amma ta gaya wa wanda ya san tafkin dalilin ƙarancin kaya da inda farashi ya dosa. Ambaton Kainji a (a) kuwa ado ne kurum. Akwai ma wani haɗarin da ya fi wannan: da yake an fi yin rubutu a kan bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, fiye da bikin Rigata na Yawuri, na'urar da aka ce ta tallata na biyun tana iya aro masa siffofin na farkon, ta kawo gora da koma inda ya kamata a ga tseren jirage. Wanda bai san ƙasar ba ba zai gane an yi musanya ba.

5.4 Kambamawa da Alhaki

Nan ne gundarin maganar yake. An nuna a baya cewa kambamawar mai kirari tana da shinge biyu: sanin da jama'a suka yi mata, da kasancewar kaya a gaban mai saye. In aka rubuta talla aka aika wa wanda ke nesa, duka shingayen sun faɗi, sai zuzutawa ta koma alkawari. Dubi jimlar "babu wani magani a jikinsa". Sanannen abu ne cewa ƙwari suna ɓata kifin banda, kuma akan sami masu fesa masa maganin ƙwari don ya daɗe, abin da ke da illa ga lafiya. Ke nan wannan jimla shaida ce mai nauyi, wadda sai wanda ya ga yadda aka kyafa kifin aka adana shi ne ya cancanci ya ba da ita. Na'ura ta rubuta ta ne don kawai irin wannan jimla ta saba zuwa a irin wannan wuri. Ba ta yi ƙarya da niyya ba, tun da ba ta da niyya, amma ɗan kasuwar da ya tura saƙon da lambar wayarsa ya ɗauki nauyin abin da bai faɗa ba, wataƙila ma bai karanta ba.

Misali (b) ya bi wata hanya dabam, inda ya bayyana aibi da kansa: kwali ɗaya akwai karyayyu. Wannan ba baƙon abu ba ne a tarbiyyar kasuwa ta ƙasar Hausa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamai, ya hana algus da yaudara da ɓoye aibin kaya a babin ciniki. Dokar zamani ma ba ta saki mai talla ba, domin dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON a madadin APCON ta shafi har tallan da ake yi ta intanet. Ta fuskar balaga kuwa, faɗin aibin kwali ɗaya shi ne ya sa aka yarda da sauran biyar. Wannan dabara ce da na'ura ba ta kawowa da kanta, don zubin da ta koya bai tanadi gurbin aibi ba.

6.0 Inda Na'urar ke da Amfani

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Da yawa daga masu kayan nan ba su yi karatun boko mai zurfi ba, abokan cinikinsu na kudu kuma ba duka ke jin Hausa ba. Na'urar tana iya juya bayanin mai kaya zuwa Turanci mai tsabta, ta tsara jerin kaya da farashi, ta taƙaita dogon saƙo. Ga matasan da suka mai da tsara talla sana'a a shagunan kwamfuta, tana rage musu wahala da lokaci. Har ma takan mayar da haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda masu rubutu a waya suka saba zubarwa, ko da yake a nan ma sai an bi ta da ido. Kuma in aka ba ta cikakken bayani, aka ce ga sunan kifin, ga yawansa, ga ranar da aka kyafa shi, ga wanda za a aika wa, aka hana ta ƙara abin da ba a faɗa mata ba, abin da take fitarwa yakan matso kusa da misali (b). Watau yawancin raunin (a) ya samo asali ne daga miƙa mata aikin da hannu wofi.

Matsayin da ya dace da ita shi ne na marubucin wasiƙa wanda a da yake zama a ƙofar gidan waya. Shi wannan yana da alƙalami da iya tsara magana, amma saƙon na mai shi ne, kuma ƙa'idar sana'ar ita ce in ya gama ya karanta wa mai wasiƙa, ya ji, ya yarda, kafin a liƙe ambulan.

7.0 Kammalawa

An ga cewa tallan da na'ura ke tsarawa yana da santsin nahawu, amma kalmominsa na gama-gari ne, adonsa aro ne, ba ya ɗauke da wuri ko lokaci, kuma yana ba da shaidar da ba mai tsaya mata. An kuma ga cewa saƙon dillali, duk da rashin adonsa, ya fi cika sharuɗɗan talla, domin kowace jimla tasa tana amsa wata tambaya da mai saye zai yi.

Wannan ya ɗora wa masana harshe aiki iri biyu. Na farko shi ne tattara Hausar sana'o'i tun masu ita suna raye: sunayen kifi da na kayan su, kalmomin banda da awo da ciniki, kamar yadda ake faɗinsu a Yelwa da Wara da ƙauyukan Shanga, tare da takwarorinsu na Reshe da Kambari da Shanganci. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana irin waɗannan kalmomi da dama, amma an yi shi shekaru fiye da talatin kafin a sami tafkin. Abin da ba a rubuta ba, na'ura ba za ta koya ba, kuma akwai fargabar yaran da suka tashi suna karanta Hausarta su ɗauka ita ce Hausar kasuwa. Na biyu shi ne malaman Hausa a kwalejoji da jami'o'i su sanya harshen talla a cikin darussan salo, su riƙa ba ɗalibai tallan na'ura su feɗe, su gano abin da aka aro da abin da aka ƙaga. Ɗalibin da ya iya tambayar wane kifi, kwali nawa, yaushe ya fito daga wuta, kuma wa ya shaida, shi ne zai iya zama tsakanin mai kaya da na'ura ba tare da an cuci mai saye ba.